Tarihin Akwatin Giya a Kekunan Hawan Tsauni

Duk wanda ya dubi keken hawan tsauni na wannan zamani zai ga wata ƴar na'ura tana reto a gefen ƙafar baya. Ita ce majuyar sarƙa, wadda ke ɗauke sarƙa daga wannan faifan haƙora zuwa wancan domin a sauya giya. Ta yi rinjaye har mutane suka ɗauka babu wata hanya sai ita. Amma tunanin killace giya a cikin rufaffen mazubi ya riga ta samun karɓuwa.

A shekarar 1902 aka kafa Sturmey-Archer a birnin Nottingham na Ingila, ƙarƙashin inuwar Raleigh, kamfanin da kekunansa suka yi suna a ƙasar Hausa. Sun shahara da giya uku da ke ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, inda ƙura da ruwa ba sa isa. Majuyar sarƙa kuwa ba a amince wa gwanayen gasar Tour de France su yi amfani da ita ba sai a 1937. Daga nan ta mamaye fagen tsere, saboda ba ta da nauyi, kuma ƙarfin mahayi kaɗan take ci.

Da matasan yankin Marin na jihar Kalifoniya suka ƙirƙiro keken tsauni a shekarun 1970, ita suka gada. Sai dai abin da ya dace da kwalta bai dace da dawa ba. Dutse yana karya ta, taɓo yana toshe ta, nauyinta kuma yana kan ƙafar baya, inda yake rage wa shokazoba aiki.

Jamusawa ne suka farfaɗo da tsohuwar dabarar. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Rohloff ya fitar da cibiya mai giya 14. Ta yi ƙarko, amma nauyin yana nan a baya. Honda ta Japan ta mayar da giyar tsakiyar keke a samfurinta RN-01, wanda Greg Minnaar na Afirka ta Kudu ya lashe kofin duniya na gangaren tsauni da shi a 2005. Daga baya aka gane cewa majuyar sarƙa ce aka ɓoye a cikin akwatin. Cikakken akwati mai haƙora irin na mota ya zo ne daga Pinion, wanda injiniyoyi biyu da suka yi aiki a Porsche, Christoph Lermen da Michael Schmitz, suka kafa a 2008. Samfurinsu na farko, P1.18, giya 18 gare shi.

Duk da haka akwatin bai kori majuya ba. Ya fi ta nauyi da tsada, haƙoransa suna cinye wani kaso na ƙarfin mahayi, sauya giya yakan buƙaci a sassauta feda, kuma dole a ƙera gangar jikin keken musamman dominsa. Mai ƙafa biyu rak a matsayin injinsa ba ya wasa da ƙarfinsa.

Lantarki ne ya sauya lissafin. A 2023 Pinion ya haɗa inji da akwatin giya wuri guda. Idan batir ne ke ɗaukar wani ɓangare na aikin, ƙarin nauyi ba ya damun mahayi kamar da, sai ƙarko da sauƙin kulawa su zama abin dubawa. Dabarar da tsere ya ture gefe a ƙarni na 20 ta sami sabuwar ƙofa ke nan.