Dutsen Abzin da hanyar da yake biyowa

Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ko kasuwar ƴan sana'a ta Wadata, ya ga ƴan raƙuma da akwatunan dutse masu sulɓi. Kowa farashi yake tambaya. Ni abin da ya dame ni shi ne daga ina dutsen yake fitowa, don a cikin amsar akwai tarihin arewacin ƙasarmu.

Dutsen nan talk ake ce masa. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10 shi ne na 1, har farce yana iya kartarsa. Ɗan zarto da wuƙa da magagari sun ishi mai sassaƙa. A duwatsun Abzin ake haƙo shi, kuma waɗanda suka fi sanin aikinsa su ne inadan, wato maƙeran Abzinawa. Kalmar ta ba ni sha'awa. Mu a Hausa mun raba: ga maƙeri, ga masassaƙi, ga baduku. Su kuwa suna ɗaya ya tattara duka, maza na aikin ƙarfe da itace da dutse, mata na aikin fata.

Aikin dutse ba baƙo ba ne wurinsu. Tun da can suna fafe munduwar dutse wadda mazan Abzinawa ke sa wa a damtse. A lokacin mai saye maƙwabci ne, dutsen kuma na gida.

Fari ne ya juya al'amarin. Na 1973 zuwa 1974, da na 1984, sun ƙarar da dabbobi, masu garken da ke ciyar da maƙera suka talauce. Sai ga Turawa ƴan yawon buɗe ido suna kwararowa Agadas, ga tseren motocin Pari-Dakar yana ratsawa. Maƙera suka koma sassaƙa abin da baƙo zai jefa a jakarsa: raƙumi, kunkuru, ɗan akwati.

Amma kasuwar da ta dogara da baƙo, ƙarar bindiga ɗaya ta isa ta watsa ta. Tawayen da ya tashi a 1990 bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Na biyu ya ɗauki 2007 zuwa 2009. A Satumba 2010 aka sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit, baƙi suka ɗauke ƙafa. Masu sana'a da dama suka gangaro kudu neman mai saye, dutsen kuwa yana can inda Allah ya aje shi.

To kun ga inda wuyar take. Daga Agadas zuwa Yamai ya fi kilomita 900. Dutsen ga nauyi, ga saurin tsagewa. Sai kana da ɗan'uwa ko amini a arewa da zai haƙo, ya zaɓi wanda ba shi da tsaga, ya ɗaure a buhu, ya damƙa wa direban da aka yarda da shi. Amana ce ke riƙe da sana'ar, kuma duk ranar da hanya ta lalace, hannun mai sassaƙa ya tsaya.

Ƴan uwana ɗalibai, musamman ku da ke Agadas da Tawa, dattawan da suka san ramukan da sunayensu na Tamashek suna ta raguwa. In hutu ya zo, ku ɗauki littafi da biro ku je ku zauna da su, ku tambaya.