Dutsen Bature a Bakin Bafaranshe

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙamus na Ingilishi da Faransanci ya nemi kalmar "stone", watau dutse, ya san ba amsa ɗaya za a ba shi ba. Zai tarar an jero masa "pierre", da "caillou", da "noyau", da "calcul", can ƙasa kuma a zo wata ma'ana da mai ƙamus ya rasa kalmar da zai sa mata, sai dai bayani. Ɗalibi mai sauri yakan ɗauki ta farko ya rufe littafi. Ni kuwa a ganina wannan jeri tarihin ƙasashen biyu ne a dunƙule, shi nake so mu warware.

Ita "stone" 'yar gida ce a Ingilishi. Tsofaffin Turawan Ingila "stan" suke cewa, kuma har yau Jamusawa suna da 'yar'uwarta, "Stein". Abokiyar zamanta kuwa, watau "rock", wadda ake faɗa wa babban dutse ko falale, ta kafu ne a harshen ta hanyar Faransanci. A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi ya haye teku daga arewacin Faransa, ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hastings, ya hau gadon Ingila. Daga nan har kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da na shari'a, sai a 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Saboda haka idan ƙamus ya fassara "rock" da "roche" ko "rocher", kayan aro ne ya mayar wa mai shi.

To, ita ma "pierre" ɗin ba 'yar asalin Faransa ba ce. Rumawa suna da kalmarsu ta dutse a Latin, "lapis", amma talakawansu suka aro "petra" daga wurin Girkawa, suka yi ta amfani da ita har ta danne ta gida. Daga "petra" aka sami "pierre" a Faransa, da "pietra" a Italiya, da "piedra" a Sifen. Tsohuwar kalmar ba ta mutu ɗungum ba. Inda Baturen Ingila zai ɗauki "stone" ya mai da ita aikatau, ya ce an jefe mutum, Bafaranshe "lapider" zai ce. Haka kuma sunan nan Pierre da ke cike da ƙasar Faransa, shi ne Peter na Ingila, shi ne Bitrus a wurinmu, kuma ma'anarsa dutse. Mai karanta Linjila da Faransanci yana jin wasan kalmar da aka yi tsakanin sunan almajirin da dutse, domin a harshensa abu ɗaya ne. Mai karatu da Ingilishi sai an yi masa sharhi.

Mu ma mun sami rabonmu ba tare da mun sani ba. Masanan Turai sun haɗa "petra" da "oleum", watau mai, suka ce man dutse. Shi ne ya bi ta bakin Turawan Ingila ya iso mana a matsayin fetur. Direban da ke layi a gidan mai Girkanci yake yi.

Wajen 'ya'yan itace kuwa, Bahaushe da Bafaranshe bakinsu ɗaya. Bature ya ga taurin abin da ke cikin mangwaro ko dabino ya ce dutse ne. Mu muka ce ƙwallo, su suka ce "noyau".

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce "calcul". Idan tsakuwa ta taru wa mutum a ƙoda ko a mafitsara, Bature "stone" yake cewa, likitan Faransa kuwa ya ce "calcul". Amma duk yaron da ya yi firamare a Maraɗi ko Damagaram ya san kalmar nan da wata ma'ana dabam, domin ita ce sunan darasin lissafi. Yaya aka yi cuta da lissafi suka haɗa suna? Dalili shi ne "calculus" a Latin 'yar tsakuwa ce, kuma da tsakuwoyi Rumawa suke ƙidaya, suna jera su a kan allo suna matsarwa. Likitoci suka riƙe ma'anar tsakuwar, malaman makaranta suka riƙe ta ƙidayar, kalkuletar da ke aljihunka ma jikarta ce. Cutar kuwa ba ta bar sarakuna ba. Napoleon na Uku yana fama da tsakuwar mafitsara lokacin da Jamusawa suka kama shi a Sedan a 1870. Ya yi gudun hijira zuwa Ingila, inda wani likitan ƙasar, Henry Thompson, ya yi masa aiki don a farfasa ta, ya rasu a Chislehurst ranar 9 ga Janairu, 1873.

Saura ma'anar da ta gagari fassara. A Ingila "stone" ma'aunin nauyi ne, laba 14, watau kilo 6.35. Asalinsa ba wani abin ɓoye ba ne: kafin a sami ƙarfen awo a ko'ina, dutse ake samu a ɗora a gefe guda na sikeli, mutanen gari su yarda da shi. Amma fa dutsen wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba, kamar dai yadda mudun wani gari yakan fi na wani. Kowace sana'a ma da nata: mahautan Landan laba 8 suke kira dutse. Abin da ya sa hukuma ta sa baki shi ne ulu. A ƙarni na 14 gashin tumaki ne babban abin da Ingila take sayarwa ƙetare, musamman ga masaƙan Filandas, kuma a kansa sarki yake karɓar kuɗin fito mai yawa. Sarkin da ke son kuɗinsa ya cika dole ya san nauyin buhu. Sai aka tsayar da dutsen ulu a kan laba 14, buhu kuma dutse 26, watau laba 364. Sai a 1835 majalisa ta mai da laba 14 ɗin ta zama ita ce dutse a kowane irin ciniki.

Faransa ta bi wata hanya. Kafin juyin juya halin 1789 ita ma awonta barkatai yake, labar wannan lardi ba ita ce ta wancan ba, kuma rashin daidaiton awo yana cikin koke-koken da talakawa suka rubuta a wannan shekara. 'Yan juyin ba su tsaya gyaran tsohon awo ba, suka share shi. Dokar 1795 ta kawo mita da giram, aka yi ta ja-in-ja da mutanen da suka saba da na iyayensu, har aka tilasta sabon tsari daga farkon 1840. Shi ya sa Bafaranshen yau ba shi da dutsen awo a bakinsa, mai ƙamus kuma ba shi da abin yi sai ya kwafo kalmar Ingilishi yadda take, ya rubuta adadin kilo a gefenta.

A Ingilar ma dokar awo ta 1985 ta fitar da dutse daga ma'aunan da aka yarda a yi ciniki da su. Sai dai doka ta tsaya a kanti. Har yanzu idan ka tambayi mutumin Ingila ko na Ailan nauyin jikinsa, da yawa za su ce maka dutse 11 ne da laba 4, ɗan Faransa da ke kusa kuwa sai ya ɗauko kalkuleta kafin ya gane kusan kilo 72 ake nufi.