Inna da Jaji: Jinya a Ƙasar Gobir Bayan Faɗuwar Alƙalawa

A Gobir ta dā, jinya ba ta rabu da sarauta ba. Inna, wadda ake naɗawa daga gidan sarki, ita ce shugabar 'yan bori, kuma gare ta ake kai wanda iskoki suka taɓa. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, masu jihadi suka hana bori, amma hanin bai amsa tambayar majinyaci ba: me ya same ni, wa ya aiko? Muhammadu Bello ya wallafa littattafan ɗibbu. Nana Asma'u kuwa ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 kan waraka da Alƙur'ani, ta kuma naɗa wa kowace jaji malfa irin wadda Inna kan sa. Wannan aro ba ƙaramar dabara ba ce, domin matan karkara sun riga sun san mai malfa.

Gobirawan da suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836 sun tafi da sarautar Inna. Saboda haka, sa'ad da maganin asibiti ya iso Isa da Sabon Birni, ya tarar majinyaci yana da masu magani biyu tun tuni. Ƙwaya ta zama ta uku, har akan haɗiye ta da ruwan rubutu.