Birin Da Ke Jikin Kwali

'Yan'uwana mata, uwargida da amarya har da 'yanmata masu shirin shiga daga ciki, yau hirar tamu a kan abin karin kumallo ce. Ba kokon gero da ƙosai nake nufi ba, a'a, wancan ɗan kwalin mai hoton biri yana dariya, wato Coco Pops, wanda ake zuba wa madara yara su sha. Na ga ya dace mu san asalinsa, domin Hausawa sun ce sanin asali ya sa kura cin kanta, mu kuwa saninsa zai sa mu iya riƙe bakin jakarmu.

Labarin ya faro ne a garin Battle Creek da ke jihar Michigan ta ƙasar Amurka. A can akwai wani likita, John Harvey Kellogg, mai kula da wani gidan jinya, shi da ƙanensa Will. Likitan nan ya tsani sukari da nama da kayan yaji, gani yake su ne tushen ciwon ciki. A 1894 ne suka gano dabarar dafa alkama a murje ta fale-fale a gasa, don majinyata su samu abinci marar nauyi. Daga baya suka gwada da masara. To ka ji inda rigima ta taso: ƙanen ya ce in ana son kasuwa sai an sa sukari, wan ya ce atafau bai yarda ba. A 1906 Will ya kafa nasa kamfanin, 'yan'uwan suka yi ta shari'a a kan sunan gidansu, ƙarshe ƙanen ya yi nasara. Kin ga ke nan, abin da aka fara don lafiya ya koma neman kuɗi.

A 1928 kamfanin ya fito da na shinkafa, Rice Krispies. Da talabijin ya shiga gidajen Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, sai 'yan kasuwa suka lura da wani sirri: kuɗin na uwa ne, amma kukan na ɗa ne. In ka mallaki yaro, ka mallaki cefane. Sai a 1958 aka lulluɓe shinkafar da sukari da garin kokon da ake cakulan da shi, aka kira ta Cocoa Krispies. Da ta tsallaka Ingila ta zama Coco Pops, aka ba ta biri mai suna Coco. A Meziko kuma giwa aka ba ta, mai suna Melvin. Abin alfaharin tallar shi ne wai yana mayar da madara ruwan cakulan. Wane yaro ne zai ga haka bai yi birgima a kanti ba?

Don ki san yadda suna ke kama zuciya, a 1998 kamfanin ya canza sunan a Ingila zuwa Choco Krispies. Mutane suka ce ba su san zancen ba. Aka shirya ƙuri'a ta wayar tarho, a 1999 aka dawo da tsohon suna. Ni dai abin da na gani a nan, waɗanda suka sha shi suna yara ne suka girma da ƙaunarsa, har suna kare shi kamar ɗan gidansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, masu talla sun fi mu sanin wannan karin maganar.

Amma fa ba a bar su sakaka ba. A 2009, lokacin da ake fargabar wata annobar mura, aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalin Amurka wai yana taimakon garkuwar jikin yaro. Lauyan birnin San Francisco ya nemi su kawo hujja, ba a jima ba suka janye rubutun. A 2016 ƙasar Chile ta hana sa hoton zanen dabbobi a kan abinci mai yawan sukari, Meziko ma ta bi sahu, giwa ta bar kwali. A 2018 kuwa kamfanin ya rage sukarin na Ingila daga giram 30 zuwa 17 cikin kowane giram 100. Yi lissafi 'yar'uwa: kafin ragin nan kusan kashi ɗaya cikin uku na kwalin sukari ne zalla.

Mu ma abin ya iso mu. A 2015 Kellogg ya haɗa gwiwa da Tolaram, masu taliyar Indomie, a 2017 suka buɗe masana'anta a Lekki ta Legas. Suka zuba shi a 'yan ƙananan ledoji, yadda ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya a shagon unguwa.

Ba cewa nake guba ba ne, ana ƙara masa sinadaran gina jiki, kuma ranar da aka makara zuwa makaranta yana fitar da uwa kunya. Abin da nake jan hankali a kai shi ne, gaban kwali don yaro aka yi shi, gefensa kuwa, inda aka jera abin da ke ciki da ƙananan baƙaƙe, naki ne. Juya ki karanta. Giram 4 na sukari shi ne kimanin cokalin shayi ɗaya, sai ki ƙirga da kanki. Kada ki ƙara wani sukarin a kai, kada kuma ya kori kunun gyaɗa da ƙwai da wake daga gidanki. Ranar ciwon haƙori, biri ba zai raka ki asibiti ba.

Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.