Raha da amana a wurin aiki

Ilimin aiki ba a cikin takardu kaɗai yake ba. Mafi yawansa yana cikin kawunan ma'aikata. Magajin bankin cimaka ya san yadda ake gane hatsin da ƙwari suka fara ci. Tsohuwar ungozoma ta san alamun naƙuda mai wuya. Idan suka yi shiru, wannan sani ba ya amfanin kowa.

Me ke hana mutum faɗin abin da ya sani?

Tsoro ne babban dalili. Wani yana gudun a yi masa dariya. Wani yana tsoron a ƙwace masa matsayi idan ya koya wa na ƙasa da shi. A shekara ta 1996, Amy Edmondson, wata mai bincike a Amurka, ta fitar da sakamakon nazarin da ta yi a asibitoci. Ta gano cewa inda shugaba yake da sauƙin kai, ma'aikatan jinya sun fi bayyana kurakuran ba da magani. Inda yake da tsanani kuwa, ɓoyewa suke yi. Kuskuren da aka ɓoye ba ya gyaruwa.

Raha iri biyu ce

Akwai raha mai haɗa kai: shugaba yana dariya tare da mutanensa, har ya tsokani kansa. Wannan tana rage fargaba, ƙarami ya samu bakin yin tambaya. Akwai kuma ba'a mai muzantawa. Wanda aka kunyata gaban jama'a ba zai sake buɗe baki a taro ba.

Mutanen Nijar sun daɗe da sanin darajar raha. Wasan taubasantaka, kamar na Fulani da Barebari, yana ba da damar faɗin gaskiya ba tare da faɗa ba. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a shekara ta 2014. Amma taubasai daidai suke da juna, kowa na iya ramawa. Ma'aikaci kuwa ba ya iya rama ba'ar shugabansa.

Shawara ga shugabanni

1. Ku guji wasa da aibin mutum, ko asalinsa, ko rashin karatunsa.
2. Ku gode wa wanda ya bayyana kuskure.
3. Ku ambaci sunan mai dabara idan an yi aiki da ita.
4. Ku cika alkawari, ku riƙe sirri.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma sai an haɗa ta da riƙon amana mutane ke sakin jiki su koyar da juna.