Ranar da Gani Zai Ƙare

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A kan irin wannan ƙa'ida aka gina tsarin sa ido kan makamashin nukiliya tun da aka kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a 1957, aka kuma ƙarfafa shi da yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya wadda ta fara aiki a 1970. Jami'in bincike yakan je tashar lantarki, ya ƙirga sandunan makamashi, ya duba hatimi, ya komo da shaidar ido. Dalilin wannan tsanani a fili yake: sandar da ta gama aiki tana ɗauke da fulutoniyam, kusan kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ake iya ƙera bam da shi.

Ƙasar Finlan ce ta fara kawo wa wannan ƙa'ida jarrabawa. A 2001 majalisar dokokinta ta amince a binne irin waɗannan sanduna a tsibirin Olkiluoto. Kamfanin Posiva ya fara haƙa ramin da ake kira Onkalo a 2004, gwamnati kuma ta ba da izinin gini a 2015. Tsarin shi ne a rufe sandunan cikin tukwanen ƙarfe masu suturar jan ƙarfe, a kewaye su da yumɓun da ke kumbura idan ya sha ruwa, a ajiye su cikin dutse a zurfin da ya haura mita 400, har shekara 100,000.

Da zarar an toshe ramin, babu mai sake ƙirga komai. Saboda haka dole a auna kowane dami kafin a rufe tukunyarsa, a bi ta da kyamara har makwancinta, a kuma tabbatar ba a haƙa wata ɓoyayyiyar hanya ba. Bayan nan sai hotunan tauraron ɗan'adam, da na'urorin jin motsin ƙasa, da abin da aka rubuta.

A nan ne hankalina ya tashi, ni da na karanta tarihi a jami'a. Rubutu mafi daɗewa da muke da shi bai wuce shekara 5,000 da 'yan kai ba, hukumar kuwa ba ta cika ƙarni guda ba. Na ga yadda gara da gobara da yaƙi ke cinye kundi. Ina da yaƙinin dutsen zai riƙe amanarsa. Abin da ya rage mana shi ne kowane zamani ya sake kwafe labarin ramin, cikin harshen da 'ya'yansa ke ji, ya miƙa wa na bayansa.