Salim Bafarishe da Matsayin Babban Maraya a Gidan Riƙo

Cikin Musulmin Madina na farko akwai Salim, wanda asalinsa mutumin Isɗakhar ne a ƙasar Farisa. Bauta ce ta kawo shi Hijaz yana yaro. Da aka 'yanta shi, Abu Huzaifa ɗan Utba ya mayar da shi ɗansa bisa al'adar Larabawa ta tabanni, har ya aura masa 'yar ɗan'uwansa. Salim ya yi fice a karatun Alƙur'ani, shi ne ma ya riƙa yi wa Muhajirai limanci a Ƙuba kafin isowar Manzon Allah (SAW), alhali Umar ɗan Haɗɗabi na cikin sahu.

A shekara ta 5 bayan Hijira ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab suka soke tabanni, aka umarci a riƙa kiran kowa da sunan mahaifinsa. Zaidu, wanda aka daɗe ana jingina shi ga Annabi, ya koma Zaidu ɗan Harisa. An fi kawo labarinsa a wannan babi, amma a ganina na Salim ya fi kusa da damuwar mai son ɗauko maraya da ya yi wayo daga wata ƙasa.

Sahla 'yar Suhailu, matar Abu Huzaifa, ta kai kuka wajen Annabi cewa Salim ya girma a ɗakinta tana ganinsa ɗa, yanzu kuma ya zama ajnabi da za ta yi wa lulluɓi. Aka ba ta izinin shayar da shi don ya zama muharraminta, kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Nana A'isha ta ɗauki hukuncin a matsayin na kowa, sauran matan Annabi kuwa suka ce rangwame ne ga Salim shi kaɗai. Mazhabobi huɗu sun bi ra'ayi na biyu, suka taƙaita shayarwa mai haramta aure ga ƙuruciya. Malikiyya sun ce shekara 2 da ɗan abin da ya ɗora na wata ɗaya ko biyu. Ibn Hazm ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, Ibn Taimiyya ya buɗe ta ga mai larura irin ta Sahla.

Tasirin wannan saɓani yana nan har yau. Misali, dokar Saudiyya ba ta san tabanni ba, kafala (wato riƙo) ta sani, ƙasar kuma ba ta cikin Yarjejeniyar Heg ta 1993 kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe. Ƙungiyar Widad ta can, da aka kafa a 2008, tana haɗa jarirai 'yan ƙasa da shekara 2 da iyalan da za su shayar da su, abin ya zo daidai da fiƙihu. To, ɗan shekara 9 fa? Nono ya wuce shi, iyalai kuma suna hango ranar da zai balaga a tsakanin 'ya'yansu mata. Shi ya sa maraya babba, balle na ƙetare, yakan samu mai aika masa kuɗin wata ta hannun ƙungiyoyi irin su Rabiɗa, amma da wuya ya samu mai ce masa ga ɗakinka.

Masu sukar kafala kan ce tana barin yaro rabi ciki rabi waje, ba suna ba gado. Batun gado yana da magani, tunda akwai kyauta da wasiyyar sulusi. Batun suna kuwa, babban yaro ya fi kowa cin moriyar hanin. Wanda ya san sunan babansa, yake mafarki da harshen garinsu, goge masa wannan maraici ne na biyu. Bahaushe ya daɗe da sanin haka: ɗan riƙo yana tashi gidan gwaggo ko kawu, a yi masa kaciya, a sa shi makaranta, a yi masa aure, ba a taɓa ɓoye masa ko ɗan wane ne ba. Bambancin kawai shi ne riƙonmu galibi cikin dangi yake, inda muharramci ya riga ya samu ko ya yi kusa.

Saboda haka inda gizo ke saƙar shi ne zaman cikin gida, kuma malamai na da aiki a nan fiye da maimaita cewa tabanni haramun ne. Ya kamata a fayyace wa iyalai yadda za a raba makwanci, yadda shayarwar ƙanwar uwar riƙo ko matar ɗan'uwa ke aiki ga ƙarami, da abin da ya rage ga babba. Sahla ba ta nemi a mayar wa Salim sunan mijinta ba, hanyar da zai ci gaba da shiga ɗakinta ta nema. Ya ci gaba da zama a gidan ana kiransa maulan Abu Huzaifa, har su biyun suka yi shahada tare a yaƙin Yamama, zamanin halifancin Abubakar.